Kalmar da Na Goge Daga Takardar Baba

Ko da zan manta da komai, ba zan manta da shekarar da na mayar da yayan mahaifina ƙane da bakin alƙalami ba. Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, mahaifina bai daɗe da rasuwa ba, sai na ƙudura a raina zan rubuta tarihin gidanmu kafin tsofaffi su ƙare. Ni kuwa in na sa abu a gaba, gara a bar ni da shi kawai.

Na bi gidajen dangi a Matankari na tattaro takardun shaidar haihuwa. Kusan duk na tsofaffi ba rana, ba wata, sai shekara, a gabanta da kalmar Faransanci vers, wato "wajen shekara kaza". Kalmar nan ta tsaya mini a rai. Ina ganinta kamar aikin ɗalibin da bai yi bita ba. Sai na goge ta ko'ina, na sa wa kowa ɗaya ga Janairu yadda na ga ana yi a ofis, na jera mutane daga babba zuwa ƙarami. Na buga, na ɗinke, na raba wa gidaje ranar Sallah ina ta fankama.

Ban lura da abin da jerin ya yi ba sai da Baba, yayan mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya, ya aiko kirana. Na same shi a zaure, littafin na kan tabarma. Ashe wani jikansa ya karanta masa, har yana tsokanarsa wai ashe tsoho ƙarami ne. A takarda mahaifina ya girme shi da shekara biyu.

"Ɗiyata, mi na yi maki?" in ji shi. "Tun da ubanki ya buɗe baki Yaya yake ce min. Ya kwanta dama, ke kin tashi kin amshe min girmana."

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma boko ya hau mini ka, na ce, "Baba, ai abin da ke cikin takardarku na kwafa."

Ya tura mini littafin da bayan hannu. "Tahi da abinki. In na mutu shi za a karanta, ba ni za a tambaya ba."

Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice, fuskarsa na kallon bango. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don shi kaɗai ya rage mini a matsayin uba. Kuma maganarsa gaskiya ce, littafin zai daɗe bayansa. Na san ba haƙuri yake so ba, gyara yake so. Ni kuma ba zan gyara da ka ba, don da ka ɗin na ɓata.

Mutum ɗaya ta rage da ta ga haihuwarsu, Gwaggo, ƙanwar kakanmu, a wani ƙauye kan hanyar Sukukutane. Ranar Asabar na hau kabu-kabu. Sau biyu muna sauka muna tura babur cikin rairayi, mai babur yana cewa mu koma, ina cewa ko da ƙafa sai na je.

Na tarar da ita tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Na fito da littafi da biro na ce, "Gwaggo, wace shekara aka haifi Baba?"

Ta yi dariya har da tari. "Ke ji min ɗiya. Shekara ta annasara kike tambaya ta? Ni mi na sani?"

Na ajiye biro, na ja kwarya muka ci gaba da ɓara tare. Sai da hira ta yi nisa na sake tambaya ta wata hanya, na ce wa ya yaye shi.

"Ni mana! Nan aka kawo min shi an gama yankan hatsi, shekara tai biyu cihi. Kwana ukku yana kuka, sai da hura na lallashe shi. Damana guda ta wuce uwassu ba ta da komi. Ta biyu, ana noman hwari, aka haihi ubanki."

Nan take na lissafa da yatsu. Shekara biyu na nono, da kaka zuwa damina ta biyu, ya kama shekara uku da rabi ko kusa da haka. Na ce to ya aka yi takarda ta juya?

Ta ce mahaifina dogo ne tun yana yaro. Da masu ɗaukar yara lakwal suka zo, aka ce ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓa kunne, ya taɓa, aka yanka masa shekarun da suka fi nasa. Baba kuwa bai shiga lakwal ba. Sai da ya girma ya je yin takarda, ma'aikaci ya dubi ɗan jikinsa ya rubuta abin da ya ga dama. Duk su biyun ƙiyasi aka yi musu, kuma masu rubutun sun faɗi gaskiya da suka sa vers. Ni ce na goge gaskiyar.

Wata guda na yi ina bin gidaje ina karɓo littattafan nan. Wata 'yar'uwa ta ce nata ya ɓace, na zauna mata a tsakar gida har ya fito daga ƙarƙashin katifa. Na sake rubutawa daga farko. Inda aka san rana, na sa rana. Inda ƙiyasi ne na sa "wajen", inda ni na lissafa na sa "bisa lissafi", tare da yadda na yi da wanda ya faɗa mini. Shafukan suka cika da 'yan bayanai, ba su yi kyan gani kamar na farko ba.

Na kai wa Baba, na durƙusa na karanta masa layinsa: an haife shi wajen shekara uku da rabi kafin ƙanensa, bisa lissafi, daga bakin Gwaggo wadda ta yaye shi. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana murza carbi, sannan ya juyo ya dube ni sosai.

"Akwai sauran wuri nan ƙasa?"

Na ce akwai.

"To rubuta ni na koya mai riƙon hauya, kuma ni na sa shi kabari. Wanga ba wajen ba na, ina wurin."

Na rubuta hawaye na ɗiga a kan takardar. Tun ranar na koyi cewa abin da ban tabbatar ba, in rubuta shi a matsayin wanda ban tabbatar ba, in kuma faɗi bakin da na ji shi. "Wajen" ba gazawa ba ce. Rana da watan da na ƙirƙiro don shafi ya yi tsaf sun kusa raba ni da ubana.