Man kifi a gwiwar Inna

Shekarar da ciwon gaɓoɓi ya kama Inna, mahaifiyata, ta daina kai nono kasuwar Badaguishiri, amma ba wannan ne ya fi ci mata rai ba. Sujada ce. Gwiwoyinta sun kumbura har sai a kan kujera take salla, tana sunkuyar da kai kawai.

Na kai ta asibiti a Konni. Likita ya rubuta magunguna, ya ƙara da wasu ƙwayoyi masu launin zuma. Ya ce man kifi ne, omega ake ce masa, yana iya taimakawa wajen rage kumburi in an jure shansa. Inna ta gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki. Ni kuwa na manta ko wa na kawo: Bafulatana ce ta ainihi, kifi bai taɓa shiga bakinta ba.

Da na koma ƙauye dubata, ƙarni ne ya fara yi mini maraba tun daga ƙofar gida. Na tarar da ita a inuwa ta miƙe ƙafafu, maguna sun kewaye ta, ɗaya har tana lasar gwiwarta. Ashe allura take sawa ta huda ƙwayar, ta matse man ta shafa, don a wurinta mai na shafawa ne, kamar man kaɗe. Na yi dariya har na zube ƙasa, ita kuma tana korar magunan da mafici, tana cewa ai sun fi ni zumunci.

Babu irin lallashin da ban yi ba. Daga ƙarshe muka shirya: za ta haɗiye, amma a cikin curin fura, ido a rufe, kuma kada dangi su ji. Duk gyatsar da ta yi sai ta harare ni.

Ko man ne, ko sauran magungunan, ko taurin kanta, Allah masani. Bayan damina dai, wata azahar, na ga ta shimfiɗa buzu ta zauna a ƙasa ta tada salla. Ta sunkuya a hankali, gwiwoyi na ƙara, har goshinta ya taɓa ƙasa. Daɗi ya hana ni zama, na yi ta zagaya tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Da ta sallame na miƙa hannu in tashe ta, sai ta ture shi.

"Ke, bar ni nan tukuna. Nahila za ni ƙarawa, na daɗe ban zo ba."