Zaren da Hajara ta hana ni

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Bello mai ɗinkin riguna a Ƙofar Rini, Allah ya jiƙansa. Ƙusa ce ta soke shi a ƙafa, ga ciwon suga. Aka ɗaure masa bandeji a asibiti, aka ce kada ruwa ya taɓa. Shi kuwa kowace sallah sai ya kwance ya wanke, wai alwalar da ruwa bai kai fata ba ba ta kwanta masa a rai, ko da malamai sun ce shafa a kan ɗaurin ta isa. Ni ke riƙe masa buta. Gyambon ya ruɓe, aka yanke ƙafar, bai tashi ba.

Yau ni ne kwance da irin gyambon a dunduniya. Likita ya ce in ƙwayoyin cuta suka kai ƙashi, sai yanka.

Ɗiyar Malam, Hajara, tana bincike a jami'a. Da wutar lantarki take kaɗa wani zare daga narkakkiyar roba, ta haɗa shi da azurfa, siririn da ido ba ya ganin sili ɗaya. In ya taru kamar yanar gizo-gizo, aka shimfiɗa kan rauni, iska na shiga, ƙwayoyin na mutuwa. Da Malam na nan, da ya murza shi a yatsu ya ce wannan ba ya shiga allura, sannan ya zaga kasuwa yana faɗin ɗiyarsa ce ta yi.

Na ce mata, "Hajara, yanko mani kaɗan ki liƙa. Ƙahwar ga za ta tahi."

"Baffa, ba a gwada shi ga mutum ba tukuna, sai ga ɓeraye."

"To ga mutum kin samu! Ko ɓeran ɗakin gwajinku ya hi ni daraja?"

Hawaye na zuba ta ce, "In ya ƙara ɓata ta, mi zan ce ma Allah? Ba ni ba ka."

Na daina amsa gaisuwarta. Ba ta fasa zuwa ba, tana duba ɗaurin, tana auna mani suga.

Taurin kan Malam bai bi shi kabari ba, yana wurin yarinyar nan, sai dai ita ta san inda take ajiye shi. Jibi za a buɗe a duba ƙashin. Ban san da ƙafa nawa zan komo gida ba, amma ita na roƙa ta raka ni.