Shekara Biyu a Babi Na Huɗu

Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Bodinga lokacin da na samu gurbin digiri na biyu a fannin ƙididdiga da awon ilimi. In mutanen gida suka tambaye ni abin da nake karantawa, sai in ce ina koyon yadda ake gane ko jarrabawa tana faɗin gaskiya game da yaro. Mahaifina, wanda gero da albasa kawai ya sani, ya yi dariya ya ce, "Ashe ita ma jarrabawa ana yi mata jarrabawa." Sannan ya sa mini albarka.

Shekarar farko ta zaman aji ce, kuma na ji daɗinta. Duk ƙarshen mako ina cikin bas zuwa Sakkwato, littafi a cinya. Wahalar ta fara ne da aka zo kan bincike. Na tsara jarrabawar lissafi ta 'yan aji shida na firamare, da Turanci kamar yadda ake yin ta ƙasa, don in auna ƙwazon yaran ƙauyukan Bodinga da Shagari. Kwamitin sashe ya zauna, ya gyara, ya amince. A lokacin ban san cewa abin da kwamiti ya sa wa hannu ba ya sake motsi ba.

Na yi makonni ina yawo da takardu a bayan babur. Makarantar da ta tsaya mini a rai tana wani ƙauye gaba da Mandera. Hedimastan dattijo ne mai fara'a, ya tara mini yaran, na raba takardu, na duba agogo. Ajin ya yi tsit. Wasu suna kwafe tambayar a gurbin amsa, wasu sun kafa wa takardar ido kawai.

Hedimasta ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Malam, ɗiyan ga ba su jin Turancin ga. Bari in karanta masu da Hausa."

Na ce, "Ranka shi daɗe, ba ni da iko. Yadda anka yi ma sauran makarantu haka za a yi nan."

Ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Da na karɓi takardun, sai na ga ta wata yarinya fes, sunanta kawai ta rubuta. Ban san abin da ya sa na tsayar da ita ba. Na ɗauki tambaya guda na mayar mata da Hausa: amalanke tana ɗaukar buhu shida na albasa, to buhu arba'in da biyu sawu nawa ke nan?

Ko yatsu ba ta ƙirga ba. "Bakwai."

"In arba'in da huɗu ne fa?"

"Takwas. Amma na ƙarshe ba ya cika."

Na sa takardarta cikin sauran. Da na zo yin maki, sifili na ba ta, domin abin da ke kan takarda shi ake shigarwa a kwamfuta.

Alƙaluman da suka fito sun yi kyau ƙwarai. Sun nuna jarrabawar tana da tabbas, wato in aka maimaita ta sakamakon ba zai canza ba. Ni kuwa na san dalili. Wanda bai iya karanta Turanci yau ba, gobe ma ba zai iya ba. Turanci nake aunawa, ina kiransa lissafi.

Na kai wa malamin da ke duba aikina. Dakta mutum ne mai adalci, sai dai ɗalibai sun yi masa yawa, tebur ɗinsa kullum cike da kundaye. Ya saurare ni har ƙarshe, ya cire tabarau ya murje ido.

"Gaskiya gare ka," in ji shi. "Amma ba wannan kwamiti ya amince ka bincika ba. In za ka sauya jarrabawar zuwa Hausa, sai ka koma babi na ɗaya, ka jira su sake zama, ka sake zagaye ƙauyukan. Wa'adinka zai kai?"

Ba zai kai ba. Ɗan hutun da aka ba ni a wurin aiki don yin binciken ya riga ya ƙare, na koma aji, ajujuwa huɗu a wuyana.

Haka na maƙale a babi na huɗu, babin da ake bayyana sakamako. Shekara biyu. In na buɗe kwamfuta bayan la'asar sai in rubuta layi uku in goge. In rubuta cewa yaran ba su iya lissafi ba, na san ƙarya ce. In rubuta cewa jarrabawata ce ba ta da amfani, ba ni da hujja sai yarinya guda da na tambaya a tsaye, kuma abin da na koya da kaina ya ce mutum guda ba hujja ba ne. Abokan karatuna suka gama ɗaya bayan ɗaya. A makaranta aka fara ce mini "Masta" da wasa, har na daina zama ɗakin malamai. Matata ta bar tambayata, sai dai ta share ƙurar kwalin takardun ta mayar da shi ƙarƙashin gado.

Da takardar gargaɗi ta zo daga jami'a cewa zangon ƙarshe ne gare ni, na zauna na rubuta abin da alƙaluma suka ce. A babi na biyar na sa sakin layi guda kan matsalar harshe. Ranar kare aikin, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya yaba da tsabtar lissafina, bai tsaya kan wannan sakin layin ba. Na fito ana taya ni murna, ni kuwa yunwa kawai nake ji.

Bara wata malama daga Dingyadi ta zo har makarantarmu nemana. Ita ma digiri na biyu take yi, an ce mata ta ari jarrabawata tunda an riga an tabbatar da ingancinta. Na zaunar da ita na ba ta labarin ƙauyen nan duka. Ta saurara da kyau, ta ce, "Malam, na gane. Amma kwamiti ya riga ya sa hannu, kuma wata shida ya rage mini."

Na buga mata kwafi. Na roƙe ta abu guda, in ta gama karɓar takardu a kowace makaranta, ta tsayar da yara goma ta yi musu tambayoyin da Hausa, ta rubuta amsoshinsu a wani littafi dabam. Ta ce za ta gwada in lokaci ya bari. Na raka ta bakin titi ta hau keke napep, na koma aji, don an riga an buga ƙararrawa.