Ranar da Yaya Yohanna ya rage layinsa da kansa

Watan nan yayana Yohanna ya cika shekara biyar da rasuwa. Malamin tarihi ne a wata sakandare a nan Kafanchan. Ni karatuna bai wuce firamare ba, sai na kama sana'ar citta.

Akwai labarin da ba ya gajiya da ba mu, na zaɓen majalisar Faransa a 1877. Shugaban ƙasarsu, wani tsohon soja, ya rusa majalisa don ta ƙi bin ra'ayinsa. Gwamnati ta canza ma'aikata, ta matsa wa jaridu, duk da haka jama'a suka sake zaɓen 'yan adawa. Sojan ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya sallama, ƙarshe ya sauka. Yaya yakan ce abin da ya burge shi, mai bindiga ne ya yarda da ƙidaya. Ni dai hamma nake yi.

Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi na 'yar tinƙe, wanda ake jerawa bayan hoton ɗan takara, Yaya ya tsaya kansila. Ni ne wakilinsa. Ban gaya masa ba, na ɗebo masu kankare mini citta daga Kwoi, na cusa su a layinmu.

Kafin a fara ƙirga sai ya bi layin yana gaisawa da mutane. Ya tsaya gaban ɗaya.

"Sannu. Ɗan gidan wa?"

Mutumin ya dube ni. Yaya ya juyo ya ce, "Bulus, raka baƙinka tasha."

Haka ya zare su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Muka faɗi da 'yar tazara. Na daina shiga gidansa, ina cewa ya kunyata ni. Girman kai rawanin tsiya. Har ciwo ya ɗauke shi ban ce ya gafarta mini ba.

Bai ga soke zaɓen shugaban ƙasa da sojojinmu suka yi a 1993 ba. Ina jin da ya gani ba zai yi doguwar magana ba, allo kawai zai koma.

Bai bar gida mai bene ba. Amma yau ko zaɓen dattawan majami'a za a yi, ko na ƙungiyar 'yan citta, Kirista da Musulmi sukan ce a kira ƙanen Malam ya ƙirga. Sun san abin da na yi. Sunansa suke kira, ni kuma ina ƙirgawa daidai.