Kawu Tayyar Ba Ya Zama a Baya

Duk wanda ya zauna da Kawu Idrisu a unguwar Mahjar ta Jidda ya san ba a gama zance da shi in jirgi na wucewa. Zai ɗaga kai, ya saurara, sannan ya yanke hukunci: wannan matuƙin, jaki ya kamata a ba shi. Ƙanen mahaifiyata ne. Jirgin yaƙi ya tuƙa a Sudan da ƙuruciyarsa, shi ya sa ake ce masa Tayyar, wato matuƙin jirgi da Larabci, ko da ya koma gadin sito a Jidda.

Jiragen da ya kakkaɓo kuwa, shayi ke ƙayyade yawansu. A kofin farko biyar ne, a na uku sun kai tara. Na taɓa tuna masa jiya bakwai ya ce, sai ya harare ni ya ce jiya shayin ba sukari.

Tasi ma ba ya shiga sai ya zagaye ta, ya daddanna tayoyi, ya leƙa ƙarƙashi. Wani direba a unguwar Ammariyya ya gaji ya ce, "Yalla ya hajji, mota ce!" Kawu ya ce masu faɗin haka duk ya halarci jana'izarsu.

Wannan taurin kai ne ya hana shi gida shekara da shekaru. Jirgin ruwa amai yake sa shi, na sama kuma ya rantse ba zai zauna a baya wani yaro ya tuƙa shi ba. Babbar yayarsu Hauwa tana Mai Wurno, can Sudan, tana ta aiko masa ya zo, shi kuma kullum sai baɗi. Amma in an ambaci sunanta sai ya bar shayin ya huce.

Bara ta aiko cewa idanunta sun fara rufewa. Ya kwana biyu ba ya kula kowa, sannan ya kira ni: "Halas, shi ke nan, 'yata. Ki yanko tikitin. Zan rufe bakina har mu sauka."

Saura kwana uku tafiyar ya rasu.

Ni na kira Inna Hauwa na faɗa mata. Ta ce, "Da gaske ya yarda zai hau?"

Na ce da gaske.

"Saboda ni?"

Wallahi ina kewarsa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haɗa shi da yayarsa a gidan da ba a rabuwa.