Injin da Ba Ya Sallama

Kakarmu Tabawa ba ta taɓa hura wuta don tatsuniya ba. Wutar bandar kifi ce, mu jikoki mu ne muke raɓowa bayan sallar isha mu ci arzikin ɗuminta. Ƙauyenmu yana bakin wani babban tabki a ƙasar Ƙonni, kuma lokacin ɗari duk gidan sai ya ɗauki ƙamshin tarwaɗa. Tana zaune tana juya kifi, hayaƙi na sa ta ƙwalla, mu kuma mun zuba mata ido. Ni ta fi tsokana. "Kai, mijin banza," in ji ta, "ko kan kihi ba ka taɓa kawo min ba, amma kullum kai na gaba wurin wuta."

Dariya takan ƙare da zarar ta ɗauki guntun icce ta ƙwanƙwasa gefen tukunya. Ƙwas, ƙwas. Mun san tatsuniyar da ke tafe, ba ma son ta, amma ba mai tashi.

A tabkinmu masunta iri biyu ne. Akwai masu jirgi, akwai masu gora, waɗanda ke kifa ciki a kan ƙatuwar gora su yi ta yawo da koma, ragarsu ta kamun kifi, a hannu, kansu kaɗai ke sama da ruwa. Tun kakanni, mai jirgi yana tuƙi yana buga filafilinsa a gefen jirgi. Wannan bugun shi ake ce wa sallama, kuma shi Kaka ke kwaikwayo da tukunya.

"To ga ta, ku riƙe ta da kyau," haka take buɗewa. Wai an yi wani masunci, Ɗan Baro, wanda ya lura bugun nan yana korar masa kifi. Sai ya naɗe filafilinsa da tsumma, ya daina sallama. Kifi kuwa ya samu har maƙwabta suka fara ƙus-ƙus. Wata safiya ya ɗago daga jan taru, sai ga wata tsohuwa zaune a goshin jirginsa, zanenta na zubar da ruwa. Ba ta yi faɗa ba. A nan Kaka takan rage murya har sai mun matso. "Tac ce mai, 'Ɗan Baro, ka shigo gidana ba sallama. Babu komi. Ni ma haka nan za ni shigo naka.'"

Ya koma gida. Ba hadari, ba yayyafi, sai ƙasan ɗakinsa ta fara damshi. Ya matsar da tabarma. Gindin bango ya jiƙe. Ya kwashe iyalinsa ya yi sabon gini a kan tudu, damshin ya bi shi. Ba ɗigo, ba ƙara, ba abin da kunne zai kama. Ran nan gari ya waye, tabarmar ɗansa na fari jiƙe sharkaf, yaron babu.

Sai ta jefa iccen cikin wuta. "Nan tat tsaya, kan kusu ya toye."

"Kaka, ina yaron?"

"Ku tambayi ruwa."

Na daɗe ina shafa ƙasan tabarmata kafin in kwanta. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kaka ta rasu, na girma, na zama mai gyaran wuta a Malbaza. Bara yayana Illa ya kira ni. Shi ya gaji jirgin babanmu, kafaɗarsa kuma ta fara ƙin filafili. Injin fetur ya fi ƙarfin ɗan jirginsa, amma ya ji akwai wani ƙarami mai aiki da batir, wanda farantin hasken rana ke cikawa. Tunda ni ne na san waya da batir, sai in raka shi Ƙonni mu zaɓa.

A shagon injuna na duba abin da na sani: tsawon sandar injin, don tabkinmu yana janyewa da rani ya bar kututture, da nauyin batir, don kada jirgi ya karkata. Biyu suka rage. Ɗaya an kewaye farfelarsa da kejin ƙarfe, ba shi da sauri. Ɗayan farfelarsa tsirara take, ga ƙarfi. Mai shago ya tsoma shi cikin duron ruwa ya kunna. Ruwa ya shiga juyawa kamar ana dama fura, amma ko ƙis ban ji ba.

"Kun ji?" in ji shi, yana murmushi. "Ko kihi ba shi jin zuwanku."

Ɗan Baro ya faɗo mini a rai. Na ce, "Yaya, mu ɗauki mai kejin nan."

"Wanga mai tahiya kamar tsohon jaki? Mi za ni yi da shi?" Ya dube ni ya kwashe da dariya. "Tatsuniyar Kaka ta ka damun ka har yanzu."

Jirginsa ne, kuma shi ne babba. Ya ɗauki mai ƙarfin, na haɗa masa batir.

Da ɗari ya shigo na je gida, ya ce in zo in ga aikin hannuna. Muka shiga ruwa bayan asuba, tururi ya lulluɓe tabkin, ba a ganin ko goshin jirgi sosai. Hannun Illa na kan injin, filafili na kwance a ƙasan jirgi, ba mai bukatarsa. Muna ta sulalewa. Shirun ya yi mini yawa. Ban san sanda na ɗauki filafilin na maka a gefen jirgi ba. Ƙwas, ƙwas.

"Da mutum!"

Muryar daga gabanmu ta fito, dab da goshin jirgi. Illa ya murɗe injin ya kashe, ya fizge shi gefe. Gora ta gogi jirgin ta wuce, sai ga kai ya ɗago, ruwa na zuba daga gemu. Hamisu ne, ɗan Illa na fari, magidanci mai 'ya'ya, wanda ke su da gora.

"Baba? Ku na? Wallahi ban ji ku ba sai yanzu."

Illa ya karɓi filafilin daga hannuna. Da filafili muka koma gaɓa, duk da kafaɗar.

Ina yaro na ɗauka tsohuwar ruwa ake yi wa sallamar nan. Sai ranar na gane da wa Kaka take. Ita da ta yi aure cikin masu gora, ta san wanda ke kwance a gaban jirgi, kuma ta san ɗan wani ne. Illa ya sa maƙeri ya yi wa farfelarsa keji, yanzu yana tuƙi da hannu ɗaya yana bugu da ɗayan. Sai dai wasu masu jiragen sun ga kifin da ya samu, su ma sun je Ƙonni, kuma ba mai kejin suka ɗauko ba. Matasa ne, ba su zauna gaban wutar Kaka ba.

An ce yanzu da asuba tabkin tsit yake. Hamisu bai bar gora ba, da ita yake ci da gidansa. Duk sanda wayata ta yi ƙara da sassafe na ga lambar gida, nakan daɗe ina kallon ta kafin in ɗauka.