Kwamfuta Biyu a Teburin Dogo

Duk layin masu kayan kwamfuta an san Dogo da ɗabi'a guda. Yakan jera kwamfuta biyu a teburinsa, ɗaya da ƙwaƙwalwar da babban kamfani ya ƙera, ɗaya da ta ƙaramin kamfani, ya liƙe tambarinsu da salatif, ya ce wa mai saye, "Gwada, hannunka ya zaɓa maka."

Wata rana wakilin babban kamfanin ya shigo, ko zama bai yi ba. "Malam Dogo, ko ka sauke ta waɗancan, ko kayanmu su daina zuwa shagonka."

Dogo ya san yawancin masu saye kayan babban kamfanin suke nema, kuma da shagon yake ciyar da iyalinsa. Amma bai sauke ba. Kaya suka tsaya, kantar shagonsa ta koma wayam.

Ana haka sai ga maƙwabcin shagonsa Gajere, wanda tuni ya bi umarnin wakilin, ya shigo rungume da kwali yana haki.

"Taurin kanka ya fi tsayinka," in ji shi. "Ungo, na raba nawa kayan biyu. In wakili ya tambaya, ɓera ya ja."

"Kai ma za su yanke maka."

"To sai mu zauna mu yi ta kallon juna."

Dogo ya jawo masa kujera. Har yau, in aka tambaye shi yadda shagonsa ya tsira, ƙofar Gajere yake nunawa.